An ce sai an sa mini ƙugun ƙarfe, surukata ta ce ba da yawunta ba

Tambaya

Assalamu alaikum Yaya. Ni ƙanwarki ce daga Garwa, shekarata 31, ina da aure da yara biyu, kuma da sikila aka haife ni. Shekara uku ke nan ƙuguna na dama ya sa ni gaba. Da ɗingishi ya fara, yanzu ko bakin titi ba na kaiwa sai da sanda, keken ɗinkina ma na rufe shi don ƙafar ba ta iya takawa. Da dare kuwa sai na haɗa diklofenak da tiramol nake runtsawa. Likitan ƙashi ya duba hoto ya ce kan ƙashin cinyar ya mutu har ya lotsa, sai dai a cire a sa na ƙarfe. Maigidana ya yarda, har ya ce zai sayar da filinsa. Amma Inna, mahaifiyarsa, ta ce ba da yawunta ba. Wai wadda aka sa wa ƙarfe ta gama haihuwa, ta gama sujada, kuma mai sikila in ta shiga ɗakin tiyata ba ta fitowa da rai. Ta samo wani mai ɗori da zai yi mini tsaga ya ɗaure wurin. Ni kaina tsoro nake ji, kuma ina jin nauyin a sayar da fili saboda ni. Ki ba ni shawara.

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu ƙanwata, sannu da jiki. Shekara uku ana kwana da ciwo ana tashi da shi, ga yara, ga girki, ga hidimar maigida, wannan ba ƙaramin haƙuri ba ne. Bari in faɗa miki ra'ayina tun daga farko, kada ki yi ta laluben sa cikin dogon bayani. Idan har kan ƙashin ya lotsa kamar yadda likita ya gani a hoto, ki yarda a yi aikin. Inda zan ja miki kunne sosai shi ne asibitin da za a yi shi da irin shirin da za a yi kafin ranar, domin a nan ne mai sikila take samun sauƙi ko take shan wahala.

Ki fara sanin abin da ya sami ƙafar. Kan ƙashin cinya mulmulalle ne, yana zaune cikin wani rami a kwatangwalo kamar kan taɓarya a cikin turmi, an lulluɓe su duka da guringuntsi mai santsi. Wasu 'yan siraran jijiyoyi ne ke kai wa wannan kan jini, kuma ba su da yawa, in sun toshe babu wata hanyar da jinin zai zagaya ya isa. Ƙwayoyin jinin mai sikila kuwa lanƙwashewa suke yi su cushe irin waɗannan ƙananan hanyoyi. Sai ƙashin ya mutu daga ciki, ke kuma kina ta taka shi kullum da nauyin jikinki, har wata rana ya loɓa. Shi ya sa ciwon yake kama matsematsi ya gangaro cinya har gwiwa, shi ya sa ƙafar take gajarcewa. Da an gano shi da wuri, kafin ya loɓa, akwai ƙaramin aikin da ake huda ƙashin don a rage masa matsi. Amma da zarar ya lotsa, babu ƙwaya, babu jiƙo, babu shafe-shafen da zai mayar da shi mulmulalle. Jira ma ba kyauta ba ne: ramin kwatangwalon yana ta cinyewa, naman cinya yana shanyewa, gadon baya yana karkacewa, aikin da za a yi baɗi ya fi na bana wuya.

Maganar mai ɗori kuwa, ki rufe ta da ladabi amma ki rufe ta gam. Babu karayar da za a ɗora a jikinki. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tsagar. Babban abokin gabar ƙugun ƙarfe shi ne ƙwayar cuta, in ta samu ta lafe a jikin ƙarfen magani ba ya isa gare ta da sauƙi, wani lokaci sai an sake buɗewa an cire komai. Aska da ƙaho da garin magani a kan fatar da likita zai yanka nan gaba, gayyatar wannan masifa ce. Haka nan allurar da wasu ke yi wa mutane a gaɓa ko a ɗuwawu, irin su deksametazon, wadda in an yi ta mutum yake jin kamar an zare masa ciwon. Tana iya tayar wa mai sikila da ciwonta, tana ƙara kashe ƙashi, kuma in an yi ta a cikin gaɓar kusa da lokacin aiki tana ƙara haɗarin ruɓewa. Kada ki bari kowa ya soka miki ita ba da sanin likitanki ba.

Ƙwayoyin da kike haɗawa da dare sun fi aikin da kike tsoro ba ni tsoro. Diklofenak na kullum yana cin ciki har ya kai ga gyambo da zubar jini, yana kuma lalata ƙoda, ƙodar mai sikila kuwa da ma a wahale take. Tiramol jiki sabawa yake yi da shi, ɗaya ta koma biyu, biyu ta koma huɗu, kuma yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Na asibiti miligiram 50 ne ko 100, amma wanda ake sayarwa a tebur da bayan babur akan samu mai 200 har 225. Kada ki yanke shi dare ɗaya, jikin zai yi miki bore. Ki kwashe kwalayen duka a leda ki zube su gaban likita, ki faɗa masa gaskiyar nawa kike sha, babu kunya a ciki. Zai rage miki shi sannu a hankali, ya auna ƙodarki, kuma mai allurar barci yana bukatar sanin wannan kafin ranar aiki don ya san irin maganin zafin da zai kama ki. Kafin nan, ki riƙa riƙe sandar a hannun hagu tunda ƙugun dama ne ke ciwo. Mutane da yawa a ɓangaren ciwon suke riƙe ta, ba ta ɗauke musu nauyin komai.

Shi aikin kansa ba sabon abu ba ne da za a ce gwaji za a yi da ke. Wani likitan Ingila, John Charnley, shi ya daidaita shi a 1962 a asibitin Wrightington, kuma tun daga lokacin miliyoyin mutane sun miƙe da shi. Ana yanke mataccen kan ƙashin, a dasa wani ƙarfe, yawanci na titaniyom, cikin ɓargon ƙashin cinya, a ɗora masa sabon kai na ƙarfe ko na tangaran, sannan a gyara ramin kwatangwalo a sa masa ƙoƙo mai shimfiɗar wata roba mai tauri. Yakan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu, na mai sikila yakan ɗan fi haka. Sau da yawa allurar gadon baya ake yi, wadda ke kashe rabin jiki daga cibiya zuwa ƙasa. Washegari, wani lokaci ma a ranar, ake tsayar da mutum da abin dogarawa ya yi taku biyu uku. Abin da ya fi ba waɗanda aka yi wa mamaki shi ne, zafin yanka yana nan, amma wancan tsohon ciwo mai cizo daga cikin ƙashi ya tafi. Ƙarfen ba ya tsatsa, ba ya jawo tsawa, kuma zafin Garwa na Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40 ba ya ɗumama abin da ke binne cikin tsoka. Iyakarsa ya sa ƙofar bincike ta filin jirgi ta yi ƙara.

Akwai abin da ba zan ɓoye miki ba. Ƙugun ƙarfe yana tsufa. Wani babban bincike da mujallar likitoci mai suna Lancet ta buga a 2019 ya nuna cewa kusan 9 cikin 10 suna nan daram bayan shekara 15, kusan 6 cikin 10 kuma suna kaiwa shekara 25. Yawancin waɗanda aka ƙirga dattawa ne, na matasa da na masu sikila yakan riga nasu gajiya. Ke da kike da shekara 31, ki sa a ranki cewa wataƙila wata rana a sake shi, kuma aiki na biyu ya fi na farko wuya da tsada. Wasu za su ce to ki jira ki ƙara tsufa mana. Ban yarda da wannan ba. Shekarun da yaranki ke bukatar uwa mai tsayawa da ƙafarta su ne waɗannan, ba za a ajiye miki su a akwati ba.

Yanzu mu zo ga maganganun Inna, kuma zan fara da mai nauyin, ta mutuwa. Kada ki ɗauka mugunta ce ta sa ta faɗi haka. Akwai ƙamshin gaskiya a tsoronta: tiyata ta fi haɗari ga mai sikila fiye da wanda ba shi da ita. Sanyin ɗakin aiki, da ƙishirwar da ake sa mutum kafin a shiga, da zubar jini, da ƙarancin iska, duk suna iya tayar da ciwon. Wanda aka fi tsoro shi ne wanda ke kama ƙirji bayan kwana ɗaya zuwa uku, huhu ya cushe, numfashi ya yi wuya, zazzaɓi ya rufe mutum. Sai dai likitoci sun san shi, sun kuma san yadda ake tare masa hanya. A 2013 an buga sakamakon wani bincike da aka yi a Ingila da wasu ƙasashe, wanda sai da aka tsayar da shi kafin lokacinsa, saboda an ga masu sikilar da ba a ƙara wa jini kafin tiyata ba sun fi faɗawa cikin wannan ciwon ƙirji. Shi ya sa ake ƙara jini tun kafin a shiga, har awon yawan jini, wanda likitoci ke kira hemogulobin, ya kai wajen 10, a sa ƙarin ruwa tun dare, a lulluɓe mutum kada sanyi ya kama shi, a ba shi iskar oksijin, a sa shi jan dogon numfashi a kai a kai bayan ya farfaɗo. Ana kuma tabbatarwa babu zazzaɓin cizon sauro, babu ruɓaɓɓen haƙori, babu ciwon fitsari, babu gyambo a ƙafa. In kin taɓa ciwon ƙashi mai fitar da mugunya tun kina yarinya, ki faɗa, ko da ya warke tuntuni. In an taɓa ƙara miki jini sau da yawa ma ki faɗa, don samo jinin da zai dace da naki yakan ɗauki lokaci. Asibitin da ya yi wannan shiri, mai sikila tana shiga ta fito, da yardar Allah. Wanda ya ce ki zo yau a yi gobe ba tare da ya tambayi jininki ba, ki ɗauki gyalenki ki fita.

Haihuwa kuma, ki kwantar da hankalinki. Ƙarfen a gefen kwatangwalo yake zaune, babu ruwansa da mahaifa, babu ruwansa da hanyar da jariri ke bi. Mata da yawa sun ɗauki ciki bayan wannan aiki sun haihu da kansu, wadda aka yi wa tiyatar haihuwa kuma wani dalilin ne daban ya sa. In ma za a bi gaskiya, ƙugun da ya ƙage ba ya buɗuwa shi ya fi hana mace sakewa, a wajen naƙuda da kuma a tsakaninta da mijinta, kin fi ni sanin abin da nake nufi. Likitoci sun fi so a jira wata shida zuwa shekara kafin a ɗauki ciki, ƙashi ya gama kama ƙarfen. In kina shan ƙwayar tazarar haihuwa ki sanar da su, akwai irin da ke ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya, akan dakatar da ita makonni kafin aiki a canza wata hanyar. Abin da ke sa cikinki ya bukaci kulawa ta musamman sikilar ce, da ƙarfe ko babu.

Sai sujada. Ina da yaƙinin yanzu ma ko dai a zaune kike salla, ko kina kai goshi ƙasa ne da cizon leɓe. Bayan aiki, mako shida zuwa wata uku na farko a kan kujera za ki yi salla, kina nuni da kai, domin naɗe ƙugun sosai a wannan lokacin yana iya sa sabon kan ya goce daga ƙoƙonsa. Bayan nan wasu suna komawa sujada a ƙasa, wasu likita yakan ce su dawwama a kujera, musamman saboda zaman tahiya da ke murɗa cinya. Ya danganta da ta inda aka shiga da irin ƙarfen da aka sa, don haka ki tambayi likitan kai tsaye. Addini bai ƙuntata miki ba. Sahabi Imrana ɗan Husaini ya kai kukan rashin lafiyarsa ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Yana cikin Buhari. In kuma wani ya ce sa ƙarfe a jiki canza halitta ne, a tuna masa da Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi ya umarce shi ya sa na zinariya. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito shi. Limamin unguwarku ya san waɗannan, kuma Inna za ta fi jin su daga bakinsa.

Ina za a yi? Ki fara da likitan da ya duba ki a Garwa, ki tambaye shi ko shi zai yi da hannunsa ko tura ki zai yi. Manyan asibitocin Yawunde da Duwala suna yin wannan aiki, haka Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda mutanenmu sun daɗe suna tsallakawa zuwa gare shi. Masu hali suna tafiya Tunusiya ko Masar ko Indiya, galibi ta hannun dillalai, su kuwa dillalai in an dawo gida matsala ta taso ba a ƙara jin ɗuriyarsu. Sunan gari ba shi ne abin dubawa ba. Ki zauna gaban likitan da zai riƙe wuƙar, ke da maigida, ku tambaye shi sau nawa yake yin wannan aiki a shekara, kuma masu sikila nawa ya yi wa. Tambayar tana da dalili: ƙashin mai sikila wani wuri ya yi tauri ya toshe ɓargo, wani wuri ya yi laushi, hannun da bai saba ba yana iya fasa shi wajen dasa ƙarfen. Ku tambaya ko akwai likitan jini da zai sa ido a kanki, ko akwai ma'ajiyar jini a cikin asibitin, ko akwai ɗakin kulawa ta musamman da oksijin da ba ya yankewa. Likitan kirki ba ya jin haushin irin waɗannan tambayoyi.

Ga wata tambaya da ba kowa ya san yin ta ba: cikakke za a sa ko rabi? Akwai aikin da kan ƙashin kawai ake canzawa a bar ramin kwatangwalo yadda yake. Ya fi araha, kuma yana da amfaninsa ga tsohon da ya faɗi ya karye a wuyan ƙashin cinya. Ga mace mai shekara 31 da raminta ya riga ya fara cinyewa, ƙarfen zai ci gaba da goge ramin ne, bayan 'yan shekaru ciwo ya dawo. Araha ba ta ado. Kuma bayan an gama, ki roƙi a manna miki takardun da ke zuwa a kwalin ƙarfen, masu sunan kamfani da lambar girma, a jikin katinki. Ki adana su tare da takardun gida. Ranar da aka zo sake aikin, ko bayan shekara ashirin ne, likitan da zai yi zai sa miki albarka.

In Yawunde ce, ki yi lissafin hanya tun yanzu. Daga Garwa zuwa Ngaundare sama da kilomita 250 ne a mota, ga hawan dutsen nan mai kwane-kwane, sannan jirgin ƙasa na dare sama da kilomita 600. Tafiya ba matsala, dawowar ce abin ji. Sabon ƙugu ba ya son a naɗe shi awa da awanni a kujerar bas, kuma dogon zama yana sa jini ya daskare a ƙafa. Ku nemi masauki wajen 'yan'uwa, unguwar Birikitiri cike take da mutanenmu, ku zauna har a cire zare bayan kamar mako biyu, likita ya sake ganin ciwon ya sallame ki. In hali ya yi ku dawo ta jirgin sama, in jirgin ƙasa ne a kama miki gadon ƙasa a ɗakin kwana. Za a ba ki maganin tsinka jini na wajen mako huɗu zuwa biyar, kada ki tsallake ko kwana ɗaya.

Gidan ma sai an gyara shi kafin ki dawo, kuma wannan ne mutane ke mantawa. Duk rayuwarmu a ƙasa take: tabarma, kujera 'yar tsugunno a gaban murhu, wanki a duƙe, gajeriyar tsintsiya, masai na tsugunno. Duk waɗannan haramun ne gare ki na wata uku. A kira kafinta ya yi miki kujerar katako mai huda a tsakiya da hannuwan dafawa, a ɗora ta kan bakin masai, tsayinta ya kai yadda in kin zauna gwiwarki ba za ta fi ƙugunki tsawo ba. In katifarki a ƙasa take a ɗaga ta kan gado. A samo kujera mai tsayi ta salla da ta wanka, a kawar da tabarmar da bakinta ya nannaɗe don kada ta harɗe sanda. Ki kwana da matashi tsakanin gwiwoyinki, kada ki harɗe ƙafa, kada ki sunkuya ɗaukar buta. Babu goyo, babu ɗaukar bokitin ruwa, babu hawa bayan babur, duk da na san a Garwa shi ne ƙafar kowa. Ki nemi ƙanwa ko 'yar'uwa da za ta zauna da ke aƙalla mako shida. Motsa jikin da masu gashin ƙashi za su koya miki kuwa rabin aikin ne, naman cinyar da ya shekara uku yana shanyewa ba zai dawo da kwanciya ba. In kin bi wannan, keken ɗinkinki zai sake juyawa, sai dai a ɗaga miki kujerarsa. Kuma ki riƙe waɗannan a ka: zazzaɓi, ruwa ko mugunya daga wurin ɗinki, kumburin sha-raɓa, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, ko ƙafar ta gajarce farat ɗaya ta ƙi takuwa. Ko wanne kika gani, asibiti a wannan sa'ar, ko tsakar dare ne.

Batun fili. Na ji nauyin da kike ji, kuma alamar tarbiyya ce. Amma ki zauna ki haɗa abin da shekara ukun nan suka ci: ƙwayoyi, allurai, masu magani, kuɗin ɗinkin sallah da na biki da suka wuce ki. Kina biyan kuɗin ciwon nan tuntuni, da kaɗan-kaɗan, ba ki samun komai. Mutumin da ya buɗe baki da kansa ya ce zai sayar da filinsa don matarsa ta taka ƙasa, ki karɓa, ki gode masa, ki yi masa addu'a. Sai dai kada a yi gaggawar sayarwa. Aikin nan miliyoyin sefa yake ci, a fara karɓo lissafi a rubuce, wanda ya haɗa kuɗin ƙarfe, ɗakin aiki, jini, gwaje-gwaje, gado, magunguna da gashin ƙashi, a ɗora masa kuɗin hanya da masauki, sannan a ware wani abu a gefe saboda abin da ba a zata ba. Mafi munin hali shi ne kuɗi su ƙare mutum yana kwance. Danginki ma a sanar da su, mahaifinki da yayyenki suna da haƙƙin su sa hannu, da kuɗi da kuma jini, in an auna an ga wanda ya dace. In masu saye suka ji ƙamshin matsuwa za su karya farashin filin, don haka maigida ya yi cinikinsa a natse.

Ita kuwa Inna, kada ki yi musu da ita ko sau ɗaya. Wannan aikin ɗanta ne. Shi zai same ta bayan sallar isha'i, su biyu, ya ce likita ya hana a taɓa fatar wurin, don haka a ba mai ɗori haƙuri. Sannan ku tafi da ita asibiti, a ɗaga mata hoton a haske ta ga ƙugun hagu da na dama da idonta, ta yi wa likita tambayoyinta uku da bakinta. Ki roƙi likitan ya haɗa ku da wata da aka yi wa aikin, in ta yarda. Taron masu sikila na ranar 19 ga Yuni ma wuri ne da ake haɗuwa da irinsu. Dattijuwar da ta ga mace tana tafiya da ƙafarta, da yaro a hannu, ta fi wadda aka cika da bayani saurin saukowa. Ki nemi albarkarta da gaske, ki ce ita kike so ta riƙe miki yaran. In duk an yi wannan ta ƙi, to a ci gaba da girmama ta, a kuma ci gaba da shiri. Jikin naki ne, ke za ki sa hannu a takardar asibiti, mijinki kuma ya yarda.

Abu na ƙarshe, kuma kada ki bari ya wuce wannan watan. Ga masu sikila wannan ciwo yakan kama ƙugu biyu, ɗaya ya riga ɗaya, wani lokaci har da kafaɗa. Ƙugunki na hagu shekara uku yana ɗauke da nauyin biyu. Ki ce a duba shi ko da ba ya ciwo, kuma ki tambaya ko za a yi masa hoton maganaɗisu, wanda ake shigar da mutum cikin na'ura, domin yana ganin mutuwar ƙashi tun hoton yau da kullum bai nuna komai ba. In an kama shi kafin ya lotsa, akwai damar a cece shi da ƙaramin aiki. Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ya sa a yi a sa'a. Ki gaida maigidan da Inna, ki shafa mini kan yaran.